Ranar da Injiniya Ya Share Hanyar Asibiti

A layin shagunanmu babu wanda bai san Injiniya ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin ya gyara ko da makunnin fitila. Labule yake sayarwa. Sunan ya samo shi ne ranar da ya kwance fankar mai aski ya mayar, aka ga rarar noti bakwai a ƙasa, ya ce ai kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Fankar ba ta sake juyawa ba, amma sunan ya zauna daram.

Ni tela ne. Shagona manne yake da nasa, ni nake ɗinke masa bakin labule, don haka duk kurin da zai yi, kunnena ne yake fara sha.

Wata rana ya sayo na'urar nuna hanya ya liƙa a gilashin motarsa. Ga taswira, ga muryar mace mai sanyi tana cewa a yi dama, a yi hagu. In hanya a buɗe take sai ta yi kore, in da cunkoso ta yi ja. Tun daga ranar muka shiga uku. Ko gidansa da ya shekara goma sha biyu yana komawa, sai ya tambaye ta hanya.

"Wannan da kuke gani," in ji shi, yana goge ta da bakin rigarsa, "daga sama take kallon gari. In akuya ta tsallaka titi a bayan kasuwa, kafin ta sauke ƙafa ta huɗu an gaya mini."

Mai faci, wanda rumfarsa ke bakin layin, ya leƙo ta taga ya ce, "Tana nuna inda ƙusa take?"

"Ba ta kula da ƙananan abubuwa."

"To alhamdu lillahi, sana'ata na nan."

Matar Injiniya malamar makaranta ce, Malama muke ce mata. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Baba, tsohon direban bas ne, shekara talatin da huɗu yana riƙe da sitiyari a garin nan kafin yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Yanzu mutum a wurinsa inuwa ce mai magana. Wata biyar ya yi yana jiran layin aikin ido a babban asibiti, har aka ba shi ranar Laraba, ƙarfe goma na safe. A takardar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa wanda ya makara ya koma ƙarshen layi.

Hanyar asibitin ɗaya ce sananniya, ta kan gadar sama, kuma kowace safiya gadar nan cushewa take yi har mutum ya haddace lambar motar da ke gabansa. Baba ya ce a fita ƙarfe bakwai. Injiniya ya ce sammako na waɗanda ba su da kayan aiki ne, ƙarfe tara da kwata za su tashi, kuma sai sun jira likita, ba likita ya jira su ba.

Ranar Talata da yamma ya tara mu a shagonsa, ni da mai aski da mai faci, ya ja labule uku ya rufe ƙofa duk da cewa ɗaya ma ya isa.

"Ku saurara," ya ce. "Na'urar nan da me take sanin an yi hatsari?"

"Ka ce daga sama take gani," in ji mai aski.

"Daga sama take gani, amma tana ƙarawa da bakin mutane. Direba ya ga abu, ya danna rahoto. Wasu su danna cewa haka ne. Shi ke nan, sai ta gaya wa duk gari su kauce. To gobe ƙarfe takwas da rabi zan sa rahoto cewa mota ta mutu a tsakiyar gadar sama. Ku uku ku shiga ta wayoyinku ku danna haka ne. Duk mai na'ura zai bar gada. Su kauce, mu wuce."

Mai aski ya sosa ƙeya. "Wannan ba ƙarya ba ce?"

"Ƙarya da baki ake yin ta. Wannan dannawa ce."

Ya ce kada Malama ta ji, kada Baba ya ji. Ni kuma ya ce in raka su, don a samu mai riƙe hannun tsoho a matakalar asibiti.

Da safe na buɗe wayata, ga rahoton Injiniya nan zaune a kan gada. Na danna haka ne. Sai na tsaya ina kallonsa, na ga ya yi mini rama. Mota ɗaya da ta mutu wa za ta tsorata a garin nan? Mu da muke kewaye gawar tirela mu wuce? Sana'ata ce ta motsa, don ni ban iya ganin riga babu ado. Na ƙara cewa turken lantarki ya faɗi a kan gadar, wayoyi na kwance a titi. Na sa waya a aljihu ban gaya wa kowa ba. Ko kaɗan ban kawo a raina cewa mai aski da mai faci su ma suna da yatsu da tausayi irin nawa ba.

Muka iske Baba a ƙofar gida kan kujera, ya sha wanka, takardun asibiti a kan cinyarsa. Malama ta ce tun ƙarfe shida da rabi yake zaune a nan.

"Barka da asuba, Baba," in ji Injiniya, ya rusuna.

"Asuba ta tafi tun ɗazu, ta ce a gaishe ka."

Aka sa Baba a gaba, ni da Malama a baya. Injiniya ya kunna na'ura, ya gyara zaman tabarau, ya gyara madubi, ya sake gyara tabarau. Muryar ta ce minti goma sha tara zuwa asibiti.

"Wace ce wannan?" in ji Baba.

"Na'ura ce, Baba. Ita za ta kai mu."

"Yarinyar ta taɓa tuƙi?"

"Ba ta buƙata, Baba."

"Haka ɗan kamashona yake cewa."

Muka hau babban titi, sai ga shi fayau kamar an share da tsintsiya. Motoci jefi-jefi, kowa na shan kwana yana shigewa unguwa. Injiniya ya dube ni ta madubi ya kashe ido ɗaya. Muryar ta ce, "An samu rahoton mota ta lalace a gaba." Ya yi murmushi har kunne, ya ƙara wuta.

Ba mu yi nisa ba ta sake magana. "An samu rahoton turken lantarki ya faɗi a gaba."

Murmushin ya ragu da rabi. Ya dube ni ta madubi, ni kuma na dubi taga kamar ban taɓa ganin allon tallan sabulu ba. Na buɗe baki zan ce wani abu, na tuna Malama na gefena, na rufe.

"An samu rahoton tankar mai ta kife a gaba. A yi hattara."

Turke nawa ne, na san shi, amma tanka ba tawa ba ce. Injiniya ya sassauta gudu, gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

"Maigida, lafiya?" in ji Malama.

"Tanka ce ta faɗi."

Baba ya sauke gilashi, ya fitar da hanci ya shaƙi iska, ya karkata kunne. "Babu warin mai. Kuma motocin da ke gangarowa daga gada a giya ta huɗu suke, ba tafiyar waɗanda suka ga tashin hankali ba ce. Ka miƙe."

"Baba, mutum arba'in da biyu sun tabbatar."

"Su arba'in da biyun suna kan gadar?"

"Ba dole sai sun je ba, Baba."

"To da me suka tabbatar?"

"Da yatsa."

Kafin Baba ya amsa, muryar ta ce, "An samu rahoton motar shanu ta faɗi a gaba. Dabbobi a kan hanya. An samo hanya mafi sauri. A yi dama."

Gadar na gabanmu, ana hango hawanta, saura ƙiris. Injiniya ya ce, "Wuta da mai da shanu a wuri ɗaya, da surukina a mota? Ba da ni ba." Ya murɗa sitiyari dama.

Baba ya ɗaga gilashinsa a hankali ya ce, "Allah ya kyauta."

Abin da muka tarar a unguwar nan, in ban gani da idona ba, da na ce mai ba da labarin ya sha wani abu. Duk motocin da aka kora daga gada suna nan, hanci da wutsiya, a layin da aka yi domin kura da keke. Kowa ya sauke gilashi saboda zafi, kuma daga kowace mota muryar nan ce take fita, guda ɗaya tak, kamar 'yan biyu sun yi yawa. Ta ce, "A yi hagu," sai motoci goma sha biyu su yi hagu tare. Ta ce, "An samo hanya mafi sauri," sai kowa ya gyara zama yana murmushi, a zatonsa shi kaɗai aka raɗa wa.

"Minti ashirin da shida zuwa asibiti," in ji ta.

"Ɗazu goma sha tara ta ce," in ji Malama.

"Tana lissafi da gaskiya ne, ba ta ɓoye komai."

"Ƙarfe tara da minti talatin da ɗaya, Maigida."

"Ina da agogo."

"Na san kana da shi. Dubawa ce ban ga kana yi ba."

Muka kutsa layin kafintoci. An baje gadaje da kujeru har tsakiyar hanya, ana shafa musu fenti. Injiniya ya ce motarsa ta san jikinta, ya matse tsakanin wani gado da wata durowa. Muka ji ƙaras. Madubin gefen dama ya tsaya a jikin gadon yana lilo, mu muka wuce.

Kafinta ya biyo mu da guduma a hannu. "Malam, ka bar kayanka."

"Riƙe shi, kyauta ce. Gado mai madubi ya fi tsada."

"Mun wuce kafintoci," in ji Baba, ido a rufe. "Ina jin ƙamshin katako. Nan gaba akwai kwalbati, ka bi ta hagunsa, damansa a karye yake."

"Na'ura ba ta nuna kwalbati ba, Baba."

Tayar dama ta faɗa rami, kaina ya daki rufin mota, takardun asibiti suka watse a ƙafar Baba.

"Yanzu ta nuna?" in ji Baba.

Mutum huɗu suka taimaka muka ciccibo motar. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye mu ko gaskiya ne shanun sun kai ɗari, don shi ya ji an ce har sun fara gangarowa kasuwa. Injiniya ya ce masa a yadda bayanai suke zuwa masa, za su fi haka.

Muryar ta ce, "An samo hanya mafi sauri. Bayan mita hamsin, a yi hagu."

"Kada ka shiga," in ji Baba. "Wannan lungun ba ya ɓullewa. Shekara tara ke nan da aka gina bango a ƙarshensa."

"Baba, da girmanka, wannan taswirar tauraron ɗan'adam ce."

"Tauraron ya taɓa zuwa unguwar nan?"

"Daga sama yake gani."

"To bangon a ƙasa yake."

Injiniya ya yi hagu. Motoci suka biyo mu a jere, don ganin yadda ya shiga da ƙarfin gwiwa ya sa kowa ya ɗauka ɗan unguwa ne. Lungun ya yi ta tsukewa, ya yi ta tsukewa, har muka zo muka yi cirko-cirko a gaban bango mai tsayin mutum biyu. An ɗaura igiyar shanya daga wannan gefe zuwa wancan, wani zanen gado jiƙaƙƙe ya kwanta a gilashinmu shaɓe-shaɓe. Wata dattijuwa na zaune kan turmi a ƙofar gidanta, ta harɗe hannu, kamar mai kallon wasa.

"A ci gaba da tafiya, mita ɗari uku," in ji muryar.

"Bismillah," in ji Baba. "Ci gaba."

Dattijuwar ta taso ta janye zanenta. "Ku ne na goma sha ɗaya yau. Na farkon ma har sallama ya yi wa bangon."

"Mama, babu ƙofa a nan?" in ji Injiniya.

"Akwai. In ka je ta ɗaya gefen, ka rushe, sai ta zama ƙofa."

Ya sa ribas. A bayanmu motoci sun fi ashirin, har da motar ɗaukar katifu da wata a-kori-kura cike da kejin kaji. Kowa ya ɗora hannu a kan oda. Ƙarfe tara da minti arba'in da ɗaya. Malama ta ciro wayarta ta fita daga mota, na ji tana kwatanta wa wani lungun da muke.

Injiniya ya cire tabarau ya ce, "Abin da ya rage shi ne shugabanci." Ya fita, ya taka bonet, ya haye rufin motarsa, ya fara ɗaga hannu.

"Jama'a, a natsu. Ni na san harkar nan. Kai mai katifa, yi baya. Baya. Ƙara. Akwai wuri, ina gani daga nan. Ƙara."

Mai katifa ya ƙara, ya daki a-kori-kurar kaji. Keji uku suka faɗo suka buɗe. Kaji suka cika lungu, wasu a kan motoci, wasu a cikin motoci, ɗaya ta shigo ta tagarmu ta zauna a cinyar Baba. Baba ya shafa ta ya ce, "Ke ma yarinyar ce ta kawo ki?"

Nan take na'urori ashirin suka haɗa baki: "An samu rahoton dabbobi a kan hanya."

"Kun ji ko," in ji wani direba. "Shanun sun iso."

Mutum biyu suka kulle ƙofofinsu. Wani mai ƙiba ya haye katifu.

Ana cikin haka sai ga wani mahauci ya ratso tsakanin motoci da wuƙaƙe a ɗamara, yana haki, yana tambaya ta ina ake hawa gada, don ya ji shanu sun karye kuma ba ya so su mutu mushe. A bayansa 'yan kwana-kwana biyu ne a ƙafa, da hulunan ƙarfe, sun ce motarsu ta maƙale a layin kafintoci, suna neman tankar da ta kife. A bayansu kuma ɗan sandan hanya, ya jiƙe sharkaf da gumi.

"Kai na sama," in ji ɗan sandan. "Tunda ka fi kowa tsawo, leƙa ta kan bangon nan ka gaya mana me ke kan gada."

Injiniya ya juya, ya yi ɗage, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Ni ma na taka taya na ɗago kai.

Ga gadar sama nan, kusa, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Babu tanka, babu turke, babu ko ɗan maraƙi. Wani mutum ne kaɗai a kan keke yana gangarowa, ya saki hannu biyu, yana cin ayaba.

"Me ka gani?" in ji ɗan sandan.

"Da alama an kwashe."

"An kwashe tanka da shanu ɗari cikin rabin awa?"

"Hukuma na ƙoƙari, ranka ya daɗe."

Wata mata cikin baƙar rigar lauyoyi ta fito daga mota ta uku, waya a hannu. Ta ce ƙarfe tara ya kamata ta tsaya gaban alƙali, kuma tunda ta rasa shari'arta ta yau, ta samu wata. "Na bi rahotannin nan har tushe. Wanda ya fara sa na farko, sunansa Injiniya Sarkin Hanya."

Na ɗaga kai na dubi Injiniya.

"Injiniyoyi suna da yawa a gari," in ji Injiniya daga sama.

"Da hoto," in ji ta. Ta ɗaga wayar. Ga shi nan ya sha tabarau, ya dafa wani labule mai furanni, a ƙasa an rubuta sari da sayen ɗai-ɗai.

Mutane suka dubi waya, suka dubi rufin mota, suka sake duban waya.

"Kama ce," in ji shi. "Mutum yana da masu kama da shi bakwai a duniya."

Sai ga ƙarar babur. Mai faci ne, shi Malama ta kira. Ya sulala ta gefen kwata, ya tsaya dab da motarmu, ya cire hular kwano yana washe baki, bai san me ake ciki ba.

"Injiniya, yaya ka ga shanuna? Na ce mota ɗaya ba za ta isa ba, shi ya sa na ƙara. Sun yi aiki ko?"

Injiniya ya durƙusa a kan rufin. "Shanun naka ne?"

"Nawa ne mana. Tankar kuma ta mai aski ce, ya ce in gaya maka kada ka gode masa, zumunci ne."

"Turken lantarkin fa?"

Mai faci ya ce shi bai san da turke ba. Suka juyo gaba ɗaya suka dube ni. Na sauko daga kan taya na ce ai ɗan ƙarami ne, ko wayoyinsa ba su da yawa.

Malama ta tsaya ta kalli mijinta, tun daga takalmi har hula. "Wato kai ka ƙirƙiri hatsarin."

"Na farkon kawai."

"Kuma ka gudu daga gare shi."

"Ba nawa na guje wa ba. Nasu na guje wa."

"Da mahaifina a mota."

"Saboda shi na yi, Malama."

"Za mu yi maganar a gida. Ka ci abinci sosai kafin ka dawo."

Baba ya buɗe ƙofa, ya miƙa wa mai kaji kazarsa, ya tattara takardunsa ya cusa a gaban riga. "Ƙarfe nawa?"

"Goma saura minti goma sha ɗaya, Baba."

"Kai mai babur, matso. Akwai wata 'yar hanya ta bayan injin niƙa, tana ɓullewa gindin gada. Ka yi shiru, ka bi abin da na ce."

Aka ɗora Baba a bayan mai faci, Malama ta hau bayan Baba ta riƙe shi. Muna ji yana cewa, "Hagu. Sassauta, akwai tudu. Yanzu dama," har muryarsa ta ɓace. Daga baya mai faci ya rantse mana cewa minti takwas suka yi, kuma a kan gadar gaba ɗaya mai keken nan kaɗai suka wuce.

Mu kuwa aka bar mu da jama'a. Lauyar ta ce a kai shi kotu. Mahaucin ya ce a biya shi shanunsa, aka ce masa babu shanu, ya ce to a biya shi gudun da ya yi. Mai kaji ya ce kafin kowace magana a kamo masa kaji, saura goma sha huɗu. Dattijuwar ta ce ita dai a bar shi a kan motar zuwa la'asar, don ta aika a kira ƙanwarta ta zo ta gani.

Ɗan sandan ya ce a bi abu daki-daki. Ya sa Injiniya ya sauko ya goge rahotonsa a gaban kowa, ni na goge turkena, aka kira mai aski a waya ya ɗauke tankarsa. Shanu ne suka gagara, don mutum ɗari da sittin sun riga sun tabbatar da su, har wani ya rubuta cewa ɗaya ta tunkure shi.

Sannan aka sa mu kamun kaji. Injiniya ya bi wani zakara har ƙarƙashin motar katifa, ya fito da baƙin mai a rabin fuska, zakaran kuma ya fito ta ɗaya gefen ya haye bango. Bayan kaji, aka sa mu tura motoci da baya, ɗaya bayan ɗaya, ashirin da uku. Kowane direba in an zo kansa sai ya sauke gilashi ya faɗi abin da ke ransa, wasu har da na iyaye. Injiniya yana turawa yana cewa, "Na gode, Allah ya kiyaye hanya."

Muna fitar da ta ƙarshe, na'urorin gari suka sanar cewa gadar sama ta buɗe. Duk wanda ke cikin unguwa ya yi kanta a lokaci ɗaya. Aka yi cunkoson da tsofaffin direbobi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, mu da kanmu sai bayan azahar muka isa asibiti, a ƙafa, don ɗan sandan ya tafi da makullin motar.

An yi wa Baba aiki a idon dama, lafiya lau. Washegari da safe aka ce za a cire bandeji, muka je ni da Injiniya. Tun a hanya na ga kunyar ta fara sakinsa, muna shiga ɗakin kuwa ya dawo daidai.

"A faɗi gaskiya komai ɗacinta," ya ce wa majinyacin gadon kusa, wanda bai tambaye shi ba. "A tarihin garin nan, wa ya taɓa haye gadar sama cikin minti takwas ranar Laraba da safe? Wa ya share hanyar? Tsarin ya yi aiki. Motar ce kawai ba ta bi ta wurin ba."

Malama ta ɗago kai ta dube shi, ya koma bayan ƙofa.

Likita ta zo ta warware bandejin a hankali. Baba ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ya dubi tagar ɗakin, ya dubi tafin hannunsa, ya dubi 'yarsa ya daɗe, ya ce ta rame. Ya dube ni ya ce, "Kai ne mai turke." Na ce ni ne, Baba.

"Ina mijin naki?"

Injiniya ya fito daga bayan ƙofa, ya gyara tabarau, ya rusuna. Har yanzu da sauran baƙin mai a bayan kunnensa.

"Matso," in ji Baba.

Ya matso.

"Cire gilashin."

Ya cire. Baba ya ƙare masa kallo tsaf, daga goshi zuwa haɓa, ya koma daga haɓa zuwa goshi.

"Ashe haka kake," in ji Baba. Ya juya wajen Malama. "Ki yafe mini, 'yata. Lokacin da ya zo nemanki, yanar ta riga ta fara."

Likita ta danne dariya ta buɗe littafinta. Ta ce tunda wannan ya yi kyau, bayan sati shida sai a dawo a yi na hagun.

Baba ya sake duban surukinsa, ya gyara kwanciya, ya ja bargo.

"A'a, likita, a bar na hagun yadda yake. Abin da na gani da guda ɗaya ma ya ishe ni."